Karkataccen Hoton Yayanki

Zuwa ga 'yata, Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ba ta misaltuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran, har da ƙaramar da ban taɓa goyawa ba sai dai kallo a waya. Allah Ya tsare min ku, Ya sa albarka a aikinki, Ya sauƙaƙa miki tsayuwar asibitin nan da kike cewa tana kumbura miki ƙafa. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya haskaka makwancinsa, mu kuma Ya ba mu haƙurin da har yau muke roƙo.

Labarin gida kuwa, ba zan rubuta miki cewa duk muna nan lafiya ba, domin kin wuce a lallaɓa ki da irin wannan. Gwaggonki ta samu sauƙin gwiwar, har ta koma hawa bene tana faɗa da 'yan hayarta, kin kuwa san wannan ita ce alamar lafiya a wurinta. Kawunki tarin ya sake shi, sai dai ya bar masa shaƙewar murya, matarsa ta ce ba ta taɓa samun hutu irin na bana ba. Matar yayanki ta koma bakin aikinta, tana leƙo mu duk ƙarshen mako, ta rame ƙwarai amma tana ƙoƙari, yarinyar kirki. Ni jinin ne yake hawa yana sauka, kuma ina shan maganin, kada ki fara min faɗa. Babanku ne ban san a wane layi zan sa shi ba. Babu inda ke masa ciwo, likita ya duba ya ce komai daidai, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba lafiya yake ba. Saboda shi na zauna wannan rubutu.

Na san za ki ce me ya hana in kira ki. Na ɗauki wayar na ajiye ban san sau nawa ba. Yanzu babanku wuni yake a falo, duk abin da na faɗa a kunnensa ne, sannan da na fara maganar yayanki sai muryar ta ƙi fita, ke ma ki fara kuka daga can, mu ƙare ba mu faɗi komai ba. Takarda kuwa tana jira na. Idan hawaye ya zo in ajiye biro in je in wanke fuska in dawo, ba ta gajiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun da bai riƙe biro ba sai da kai ya fara furfura.

Kin tuna ɗakin baya da yayanki ya cika da tsofaffin akwatunan talabijin, waɗanda masu su suka bari a shagon babanku ba su dawo ɗauka ba, lokacin da kowa ya koma sayen masu faɗin nan da ake maƙalawa a bango. Da babanku ya rufe shagon, niyyarsa ya ba masu gwangwan su kwashe, yayanki ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce ko ɗaya ba za a taɓa ba. Shi ya yi ta jigilarsu a kafaɗa. Kin kuma tuna sunan da babanku ya laƙaba masa tun yana ƙarami, Ɓarnau, tun ranar da ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya manna a fuskar talabijin ɗin wani mai kawo gyara, fuskar mai karanta labarai ta koma kore da shuɗi. Babanku yakan ce Allah Ya haɗa shi da ɗa mai ba shi aiki, shi yana gyarawa ɗan yana ɓatawa, gida ba zai rasa sana'a ba. Yayanki kuma yakan yi dariya ya ce ai kowa da irin gyaransa. Haka suka yi ta wannan wasa har ya girma ya yi gemu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya zauna ya tambayi ɗaya da gaske ba.

Ni ma ban fahimci aikinsa ba, ba sai na ɓoye miki ba. Idan maƙwabta suka tambaye ni sana'arsa sai in ce yana harkar bidiyo, su kuma su yi ta aiko masa ya zo ya ɗauki bikin 'ya'yansu, yana ba su haƙuri, har aka fara cewa girman kai gare shi, wasu kuma su ce notin kansa ne ya ɗan kwance. Wata rana ina tsince shinkafa ya kawo wani ƙaton littafi mai hotuna ya zauna kusa da ni a tabarma. Ya nuna min mutanen da ya ce su ne suka fara irin aikinsa a wasu ƙasashe, maza da mata, tun kafin a haife shi. Ya ce a zamaninsu talabijin magana kawai take yi wa mutane, kowa ya zauna ya buɗe baki ya karɓa, su ne suka ce a'a, wannan akwatin ma allo ne, ana iya zane a cikinsa, sai dai da haske ake yi maimakon fenti. Ya ce an yi musu dariya sosai, an ce lalata kaya suke yi, yanzu kuma ana biyo ƙasashe don a ga abin da suka bari. Yana magana idonsa yana ƙyalli kamar mai ba da labarin kakanninsa. Na ce masa to Allah Ya taimaka, sannan na ce ya miƙo min faranti. Iyakar abin da na ce ke nan, Auta.

Sai bayan rasuwarsa na san yawan mutanen da ke kallonsa kamar yadda shi yake kallon na cikin littafin. Ke kin koma da wuri saboda aiki, ba ki ga waɗanda suka yi ta zuwa daga baya ba. Samari da 'yan mata, wasu da fenti a farce, wasu da kyamara a wuya, su cika mana falo. Wata doguwa ta ce min kafin ta ga aikinsa ta ɗauka zane abu ne da ake ratayewa a bango a manta da shi, shi ya nuna mata cewa zane yana iya numfashi. Wani ya ce shi ya fara ba shi aron kyamara, bai ko tambayi sunan unguwarsu ba. Duk Malam suke ce masa. Ina zaune ina jin ana kiran Ɓarnau ɗina Malam.

A cikinsu akwai malamar da ke kula da gidan nuna zane-zanen nan na bayan tashar jirgin ƙasa, mace mai hankali, ta kusa sa'ar yayanki. Ta ce suna shirya babban nuni na ayyukan waɗancan mutanen na farko, an aro wasu daga nesa, kuma suna so su sa na yayanki a tsakiyarsu, domin a nan wajenmu shi ne ya buɗe wannan ƙofa. Muka ce mun yarda. Bayan kwana biyu ta kira wayar gida, babanku ya ɗauka. Ta ce masa za su zo da ɗalibai su duba kayan, don Allah Baba a ɗan gyara musu su kafin su iso. Abin da take nufi, ta faɗa min daga baya tana kuka, a kaɗe ƙura a share ɗakin, a matsar da kwalaye su samu wurin tsayawa. To amma ke kin san wa ta faɗa wa. Mutumin da tun yana saurayi ake ce masa mai gyara, har wasu ba su san sunansa na yanka ba. A kunnen babanku kalmar nan ma'ana ɗaya gare ta.

Tun ranar jana'iza bai taka ɗakin nan ba, ko ta ƙofar zai wuce sai ya kawar da kai. Amma washegari da safe na ji ƙarar akwatin kayan aikinsa. Ya yi aski, ya sa tsohuwar rigar shago, ya ce in ba shi shayi mai kauri. Ya ce ba zai yiwu a kai kayan ɗansa gaban manyan baƙi hoto yana rawa ba, a ce uban yaron mai gyara ne yana raye. Wallahi Auta daɗi na ji. Na ce Allah Ya kawo abin da zai tashe shi. Ƙaurin dalmar da yake liƙe waya da ita ya dawo gidan, ina jin sa yana 'yar waƙarsa ta shago da hanci, yana cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Da matar yayanki ta zo na ce mata ta yi murna, babanku ya dawo. Ita ba ta shiga ɗakin ba, har yanzu ba ta iya shiga, da wataƙila ta tsayar da shi.

Ɗaya bayan ɗaya ya bi akwatuna huɗun da yayanki ya yi aiki a kansu. Akwai wadda hotonta yake gangarawa sama ba ya tsayawa, ya tsayar da shi. Akwai wadda launinta ya taru a kusurwa kamar an zubar da shuni, ya ciro maganaɗisun da aka manna mata a ciki da gam, ya wanke launin tas. Akwai wadda ba ta nuna komai sai siririn layin haske a tsakiya, ya buɗe mata hoto ya cika fuska. Ta ƙarshe ita ce mai akwatin katakon nan da ke kan teburin yayanki, an haɗa ta da na'urar kaset. Wannan, in ji babanku, ba ta da wata cuta sai karkata, hoton duk ya jirkice gefe guda. Ya ce aikin yara ne, akwai wani zoben naɗaɗɗiyar waya a wuyan kwalbar da ke nuna hoton daga baya, noti ɗaya ake sassautawa a juya shi hoto ya miƙe. Har yana mita wai yaron nan duk shekarun da ya yi a shago bai koyi ko wannan ba.

Da ya gama ya kira ni in zo in gani, yana goge hannu da tsumma, fuskarsa kamar ta ango. Ya kunna mai katakon. Auta, hannuna ne. Hannuna ne a kan teburin falo, ga ƙofa daga baya, ga gefen taga, ina rubuta miki takardar farko da na taɓa rubutawa a duniya, shekarar da kika tafi, lokacin ina zuwa ajin manya da yamma. Na manta ma ya ɗauka. Ga biro yana rawa, ina danna shi kamar zan huda takardar, ina rubuta duk muna nan lafiya, layin yana gangarowa ƙasa kamar akuya a kan tudu. Ana jin muryarsa daga bayan kyamara yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa in ci gaba kada in goge, haka ma ya yi kyau. Idan na kai ƙarshen layin sai hoton ya koma farko, in sake farawa. Na zauna a bakin gadonsa na yi kuka har na gode Allah. Babanku ya dafa kafaɗata ya ce ai yanzu ko ina aka kai shi ba za a ji kunya ba.

Ranar da malamar ta zo da ɗalibai biyu, shi da kansa ya shiga gaba ya kunna musu duka, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran a yaba. Ɗaya daga cikin yaran ya ɗora hannu biyu a ka. Malamar ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai kawai ta zauna a ƙasa, da kayanta masu kyau. Babanku ya tambaya ko akwai wadda ya tsallake. A hankali ta ce rawar hoton da tarin launin da siririn layin, su ne aikin, yayanki da gangan ya yi su, wasu ya shafe watanni yana nema kafin su tsaya yadda yake so. Ta ce laifinta ne, ita ta yi maganar gyara ba ta yi tunani ba, ta yi ta ba shi haƙuri tana kiransa Baba. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ta sau ɗaya ko har karkatar ma da gangan ce, ta ce e. Ya ce shi duk zamansu ya ɗauka wasa suke yi. Daga nan ya fita bakin famfo ya yi ta wanke hannu, ruwa yana zuba, har sai da na je na kashe.

Sauran ukun da sauƙi, domin an taɓa nuna su, akwai hotunansu, kuma ɗaliban sun taya shi haɗa su a da. Sun riga sun kwashe su, sun ce za su mayar da su yadda suke ko kusa da haka. Mai katakon ce matsalar. Ita ce ta ƙarshe da ya yi, ciwon ya kwantar da shi kafin ya fito da ita jama'a su gani. Matarsa ta ce ya hana ta gani wai sai ya gama. Malamar ta ce a waya kawai ya ba ta labari, ya ce mata karkatar ita ce dukan maganar, idan ta wuce ko ta gaza da kaɗan aikin ya mutu. Ya kuma ce mata mutum ɗaya ya nuna wa, ƙanwarsa, zuwanta na ƙarshe kafin ya kwanta, kuma da ta gani ta fita da gudu tana share ido. Ke ce, Auta. Na tuna ranar, na tambaye ki me ya faru kika ce ƙurar ɗakin ce.

Bayan tafiyarsu babanku ya koma abin da ya fi na farkon rasuwar muni. A da yana kuka a ɓoye, yanzu ko kukan babu. Ya zauna a falo ya kafa wa bango ido. Sau ɗaya ya ce min ya binne yaron da hannunsa, sannan ya dawo gida ya bi sawunsa ya share. Na ce masa kada ya ƙara faɗin haka, niyyarsa alheri ce, Allah Yana gani. Ya ce niyya ba ta mayar da hoto. Malamar ta ga halin da nake ciki ta aiko mota aka kai ni gidan nasu, wai in ga inda za a sa kayan ko zuciyata ta yi sanyi. Shi ya ƙi zuwa.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Farin bango, ƙasa tana sheƙi har ina tsoron santsi, ma'aikata suna ta jan waya. An riga an kafa wasu daga ayyukan mutanen nan na littafinsa. Na tsaya gaban wani da aka jera akwatuna da yawa, kowanne yana nuna tagar wani gida, babu abin da ke faruwa sai labule da iska ke kaɗawa. Da farko na ce a raina to me aka yi a nan. Ban san lokacin da na daɗe a tsaye ba, ina jiran wani ya leƙo ta ɗaya daga tagogin, kamar yadda nake jiran motsin ƙofar ɗakin baya. Malamar ta ce wadda ta yi shi ta daɗe da rasuwa. Na yi mata addu'a ban san ko wace ce ba, domin ta san abin da ke cikina tun kafin ya same ni. Akwai kuma wani ƙaton zane na fenti, ja ne kawai da duhu-duhu a ƙasa, idan ka matsa kusa sai ka ji kamar zafi yana fitowa. Da yayanki yana nan da na ce masa yanzu na ɗan gane, ya kawo littafin mu sake dubawa, ba zan nemi faranti ba. A tsakiyar ɗakin an ajiye wani farin teburi babu komai a kai. A bangon bayansa an rubuta sunansa cikin jerin nasu. Ba wanda ya karanta min, ni na haɗa baƙaƙen da kaina har na kai ƙarshe, da sunan babanku a jiki.

Da na dawo na ba babanku labarin teburin da sunan. Shekaranjiya da hantsi sai ya leƙo kicin ya ce in wanke hannu in zo. Kin san farkon aurenmu, kafin ya sayi madubin da yake jinginawa a gaban talabijin ya riƙa hangen hoto daga baya, ni ce madubinsa. Shi yana baya da sukundireba, ni ina gaba ina cewa ya yi ko bai yi ba. Ya ce in zauna masa kamar da. Ya buɗe bayan mai katakon, ya kunna, ya sassauta notin, ya ce in riƙa faɗa masa abin da nake gani, shi zai juya a hankali.

Ya fara juyawa ta ɗaya gefen, komai ya ƙara lalacewa, rubutuna ya kusa tsayawa a ka. Na ce ba nan ba. Ya komo ta ɗayan. Ƙofar falo ta fara jinginewa, taga ta bi ta, teburin ya ɗaga kamar kofin da ke kai zai zame ya faɗi. Ina shirin cewa wannan ma ɓarna ce, sai idona ya sauka kan takardar. Layin nan nawa da yake gangarowa yana ta ɗagowa, yana ɗagowa, har ya kwanta sambal kamar an ja shi da rula. Duk ɗakin ya karkace, ƙofa da taga da teburi, rubutuna kaɗai ne a miƙe. Duk muna nan lafiya, a miƙe, kamar na malamar ajinmu. Ban san na yi ihu ba sai da na ji muryata ina cewa ya tsaya.

Ya zagayo ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo. Ina jin numfashinsa. Can ya ce yana iya zama haka ne, yana kuma iya zama mu ne muke so ya zama haka. Ya ce ranar da ya fara buɗe ta bai lura ta wane gefe ta karkata ba, hannunsa ne ya yi aikin kafin idonsa ya duba, kamar yadda ya saba. Ya ɗauko alli ya yi 'yar alama a wuyan kwalbar, amma ya ƙi ɗaure notin. Ya ce sau ɗaya ya sa wa yaron nan hannu a aiki da zato, ba zai yi na biyu ba. Idan ba a tabbatar ba, ba zai bari a fita da ita daga gidan nan ba, gara teburin ya zauna babu komai da a ɗora ƙarya a ƙarƙashin sunan ɗansa. Na roƙe shi, malamar ma ta kira ta roƙe shi ta ce ita ta gamsu, ya ce ita ba ta gani ba, ni ma ban gani ba. Haka take har yanzu, bayanta a buɗe, na rufa mata zane saboda ƙura, ina hana kowa wucewa kusa kada a girgiza teburin.

Ni kaina tsoro biyu nake ji. Idan haka ya yi ta, to yaron nan ya zauna shi kaɗai a ɗakin baya ya karkatar da duniya don rubutun uwarsa ya miƙe, ni kuwa ina falo ina ce wa mutane yana harkar bidiyo. Ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Idan kuma ba haka ba ne, to ni ce na ƙirƙira don in rarrashi kaina, kuma babanku zai zauna da abin da ya yi har ƙarshen ransa ba shi da hanyar mayarwa. Abinci ya koma tsakura. Jiya na same shi a ƙofar ɗakin da sukundireba a aljihu, bai shiga ba, bai kuma tafi ba.

Don haka ga abin da nake roƙonki, don girman Allah. Ki zauna ke kaɗai inda yara ba za su dame ki ba, ki tuna ranar nan. Ta wane gefe ƙofar ta jingina, wajen taga ko wajen bango? Rubutuna a miƙe yake ko a gangare? Ya faɗa miki wani abu da kika tsaya kallo? Me ya sa ki kuka? Kada ki faɗa min abin da zai faranta min rai, na san halinki, tun kina ƙarama ba kya son ganin hawayena. Idan kin manta ki ce kin manta. Babanku zai gane a muryarki idan kika ƙara ko da kaɗan, kuma daga nan ba zai sake yarda da kowa ba. Ki fara kiran wayar gwaggonki a neme ni, in ji amsar ni kaɗai tukuna, domin idan ba mai daɗi ba ce in san yadda zan shirya shi. Idan mai daɗi ce kuwa, ke za ki faɗa masa da bakinki, yana tsaye a bayan akwatin.

Ki gaishe min da maigidanki ƙwarai, ki ce na gode da haƙurin da yake yi da mu. Ki shafa min kan babban, ki ce kakarsa ta ji labarin ya fara karatu, saura mu yi gasa ni da shi. Ƙaramar ki sumbace min ita. Gwaggonki da kawunki da matarsa suna gaishe ku, matar yayanki ma ta ce in gaishe ki, ta ce kin yi mata shiru. Babanku bai san ina rubutun nan ba, amma na san da ya sani da ya ce a gaishe da Autarsa.

Motar gidan zanen za ta zo ɗaukar kaya ranar Litinin ta farkon watan gobe, kuma malamar ta ce bayan ranar ba za su iya jira ba. Ki taimake ni amsarki ta iso kafin nan, ko da kwana ɗaya ne, ya samu ya ɗaure notin da hannunsa. Na duba takardar nan daga sama har ƙasa, na ga layukan har yau gangarowa suke yi, duk ƙoƙarina. Babu mai miƙar min da su yanzu. Ki ɗan karkata takardar kawai, za ki iya karantawa.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki, mai yi muku addu'a kullum.